Burziyan: Tsakanin Bautar Wuri da Riƙon Amanarsa

A kudancin duwatsun Ural, cikin jamhuriyar Bashkortostan ta ƙasar Rasha, akwai wata gundumar karkara da ake kira Burziyan, hedikwatarta wani babban ƙauye mai suna Starosubkhangulovo. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 4,000, amma mutanenta ba su kai 20,000 ba, domin mafi yawan ƙasar kurmi ne da tsaunuka, ga kogin Agidel yana ratsawa. Layin dogo bai je can ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mazauna gundumar Bashkirawa ne, abin da ba a cika samu ba ko a jamhuriyar da take amsa sunansu, inda ba su wuce kimanin kashi 30 ba, Rashawa sun ɗara su yawa, Tatarawa na biye. Musulmi ne 'yan mazhabar Hanafiyya. Abin da aka fi sanin su da shi shi ne shaƙuwarsu da ƙasarsu: tsauni da sunansa da labarinsa, kogon da kakanni suka riƙa jin kwarjininsa, itatuwan da aka yi wa tambarin dangi ana gadonsu daga uba zuwa ɗa. Shin wannan shaƙuwa ragowar jahiliyya ce da ya kamata tauhidi ya wanke, ko kuwa tana da gurbi a cikin addinin kansa? A ganina tana da gurbi, kuma babba. Musulmin da ya ɗauka cewa tsarkake aƙida na nufin ya daina ganin alfarmar kowane wuri a bayan ƙasa ya yi kuskuren fahimtar tauhidi. Sai dai masu zargi suna da hujjoji na gaske, kuma adalci ne a fara da mafi nauyinsu.

A shekarar 922, Ahmad bin Fadlan, wanda yake cikin tawagar da halifan Bagadaza ya aika wa sarkin Bulgar na kogin Volga, ya ratsa ƙasar Bashkirawa. Ya ba da labarin cewa wasunsu suna da iyayengiji goma sha biyu, na hunturu da na bazara, na ruwan sama da na iska, na itatuwa da na dawakai, wasu kuma suna bauta wa macizai ko kifaye ko wasu tsuntsaye. Abin sha'awa, Babashkire ne, malamin tarihi Ahmad Zaki Walidi Togan, ya gano cikakken rubutun wannan tafiya a birnin Mashhad na Iran a 1923, ya fito wa duniya da shaidar yadda kakanninsa suke kafin Musulunci. Addini ya shige su sannu a hankali, ta hannun mutanen Bulgar da fatake da shaihunnan ɗariƙa, ya ƙara ƙarfi a ƙarni na 14 zamanin sarki Uzbek Khan. Amma tsohon tunani bai gushe gaba ɗaya ba. A Burziyan ɗin nan ne kogon Shulgan-Tash yake, mai tsawon fiye da kilomita 3, hawa uku, da kogi yana gudana a ƙarƙashinsa. Tsoffin waƙoƙin baka na Bashkirawa, irin su Ural-Batir wanda Muhametsha Burangulov ya rubuta daga bakin mawaƙa a 1910, da Akbuzat, sun ɗaure wannan wuri da labaran jarumai da sarkin ƙarƙashin ruwa da doki mai fukafukai. An daɗe ana ɗaukar ruwan kogon da lakarsa a matsayin magani. A wasu gundumomin kuma, kamar Uchali, mutane suna hawa tsaunin Aushtau don ziyarar kabarin waliyyi da ɗiban ruwan wani marmaro, wasu har su ɗaura ƙyalle a reshe.

Malamin da ya ga haka ya ɗaga murya ba son zuciyarsa ya bi ba. A kan hanyar Hunaini, wasu sababbin shiga Musulunci sun roƙi Annabi (SAW) ya sanya musu wata itaciya da za su riƙa rataye makamai don neman albarka, irin Zatu Anwaɗ ta mushirikai, ya tsawata musu da kakkausar murya, ya kwatanta roƙonsu da na Banu Isra'ila lokacin da suka nemi Annabi Musa ya yi musu gunki. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya sa an sare itaciyar da mutane suka fara zuwa salla ƙarƙashinta bisa zaton ita ce ta mubaya'ar Hudaibiyya. Mai karatu Bahaushe ya san wannan jayayya a gida, tun daga labarin Tsumburbura da Barbushe a Dala har zuwa saran tsohuwar itaciyar tsafin Kano a zamanin Muhammadu Rumfa. Saboda haka fargabar ba ta banza ba ce. Shirka ba kasafai take shigowa da sunanta ba, ta ƙofar girmamawa take lallaɓowa.

To amma Sunnar da ta hana Zatu Anwaɗ ita ce ta adana mana cewa Annabi (SAW) ya dubi dutsen Uhudu ya bayyana cewa akwai ƙauna tsakanin Musulmi da shi. Ita ce ta adana mana baƙin cikinsa ranar barin Makka, da begen da Bilal ya riƙa yi wa kwarurukan Makka yana kwance da zazzaɓi a Madina. Annabi (SAW) ne ya shata wa Madina hurumi, ya hana saran itatuwanta da farautar dabbobinta. Ya keɓe makiyayar Naƙi'u don dawakin Musulmi, Umar kuma, wanda ya sare waccan itaciya, shi ya keɓe Rabaza don dabbobin sadaka. Mutum ɗaya ya sare itaciya guda, ya kuma killace daji guda, kuma babu karo tsakanin ayyukan biyu. Wannan ya nuna cewa abin da shari'a take dubawa shi ne ta ina buƙata take tafiya tsakanin mutum da wurin. Mai bautar wuri yana zuwa ne ya roƙi wurin: ya ba shi haihuwa, ya kare shi daga cuta, ya buɗe masa arziki. Mai riƙon amana kuwa ya san shi za a tambaya a kan wurin gobe ƙiyama: me ya yi da ruwan, me ya bar wa na baya. Na farko ya ɗora dutse a saman kansa, ya ƙasƙantar da darajar da Allah ya ba ɗan Adam. Na biyu ya karɓi nauyin halifanci a doron ƙasa. Daga nesa suna iya kama da juna, domin dukansu ba sa yarda a taɓa dutsen, amma zukatansu alƙibla biyu suka fuskanta.

Wanda yake son ganin irin na biyu a aikace ya dubi masu zumar daji na Burziyan. Sana'a ce da ta kusa ɓacewa a sauran Turai, amma a nan tana raye. Ba amya suke ɗorawa a kan reshe ba. Jikin itaciya mai rai suke fafewa, can sama da ƙasa da mita da yawa, su yi kogo daidai yadda ƙudan zuma ke so, su rufe bakinsa da katako, su jira ƙudan daji ya zo da kansa ya tare. Mai zuma yana hawa ne da wata igiyar fata da aka tufka, wadda yake zagaya itaciyar da ƙugunsa da ita, yana taka 'yan matakan da aka sassaƙa a jikin kututturen. Sau ɗaya a shekara ake ɗiba, wajen ƙarshen bazara, bayan furen itatuwan linden ya wuce, kuma ba a kwashewa duka, sai an bar wa ƙudan abin da zai ci cikin sanyin da yake ɗaukar kusan rabin shekara. Abin da ya fi jan hankali shi ne lokaci. Itaciyar da ta isa a fafe sai ta haura shekara ɗari. Mutum yakan zaɓi matashiyar itaciya, ya sassaƙa mata tambarin gidansu, wanda suke kira tamga, yana sane da cewa shi ba zai ɗanɗani zumarta ba, watakila ma ɗansa ba zai ɗanɗana ba, sai jika. Kogon da aka fafa da kyau kuma yakan yi wa zuriya bayan zuriya aiki. Don kare wannan ƙudan ne, wanda reshe ne na baƙin ƙudan zuman Turai mai jure sanyi, aka keɓe dajin a 1958, ya zama gandu mai zaman kansa da sunan Shulgan-Tash a 1986, mai faɗin hekta kusan 22,500. Barazanar da ƙudan ke fuskanta a yau ta haɗa da gaurayuwa da wanda ake kawowa daga ƙasashen kudu, mai saurin ba da zuma amma maras juriyar hunturu.

Wane sashe na wannan aiki ne ya saɓa wa tauhidi? Mai zuma bai roƙi itaciya kome ba. Ya yi mata hidima, ya kame hannunsa daga haɗama, ya yi aiki don mutumin da ba a haifa ba tukuna. Alƙur'ani yana da sura sukutum da sunan ƙudan zuma, inda ya ambaci gidajensa a duwatsu da itatuwa, ya kira hankali ga warakar da ke cikin abin da yake fitarwa. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, cikin wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa Yazidu bin Abi Sufyan yayin tura runduna Sham, akwai hani ga saran itace mai 'ya'ya da ƙona ƙudan zuma. Idan a fagen yaƙi, a ƙasar abokin gaba, ƙudan zuma yana da wannan kariya, ina ga a dajin da mutum ya gada? Hadisin da ya sanya dashen itace cikin sadaka muddin wani mahaluki yana ci daga gare shi, da wanda ya yi umarnin dasa ɗan dabinon da ke hannu ko da ƙiyama na shirin tsayawa, duk tarbiyyar zuciya ɗaya suke yi: a yi aikin alheri ba tare da sharaɗin ganin amfaninsa da ido ba. Kuma irin wannan haƙuri ba ya tsirowa a zuciyar da take ganin daji a matsayin tarin katako kawai. Sai wanda ya san itaciyar, ya san wanda ya yi mata tambari, yake jin kunyar sare ta.

Da wannan ma'auni ne ya kamata a koma ga kogo da kaburbura, a rarrabe ba tare da tsoro ba. Wanda ya ɗaura ƙyalle a reshe yana ƙudurce cewa reshen zai biya masa buƙata ya faɗa cikin abin da aka hana, kuma tsufan al'adar ba ya halatta ta. Wajibin malaman wurin ne su faɗa masa, da hikima. Wanda ya ziyarci kabarin bawan Allah ya yi masa addu'a ya tuna mutuwa yana kan Sunna, abin da ya wuce haka na tawassuli kuma tsohuwar mas'ala ce da malaman Sunna suka yi saɓani a kai tun kafin a haifi masu jayayyar yau. Bashkirawa ma sun san zafin wannan saɓani: Shaihu Zainullah Rasulev, babban shaihin Naƙshabandiyya da aka haifa a yankin Uchali a 1833, wasu malamai 'yan uwansa ne suka kai ƙararsa ga hukuma bisa zargin bidi'a, har aka kore shi zuwa arewacin Rasha na tsawon shekaru, ya dawo ya raya makarantar Rasuliyya a garin Troitsk wadda ta yaye ɗalibai masu yawa kafin rasuwarsa a 1917. Zanen da ke cikin kogon Shulgan-Tash kuwa, wanda Aleksandar Ryumin ya gano a 1959, na giwayen zamanin ƙanƙara masu gashi da dawakai da karkanda, har da raƙumi mai tozo biyu da aka gano daga baya, an yi shi ne da jar ƙasa fiye da shekara 14,000 da suka wuce, tun babu wata al'umma mai suna Bashkir. Ba wanda yake sujada gare shi. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan tarihin duniya a 2025. Adana shi ya fi kusa da umarnin Alƙur'ani na yin tafiya a bayan ƙasa a ga yadda na farko suka kasance.

Akwai zargi na biyu, wanda ba na aƙida kai tsaye ba: cewa son ƙasa irin wannan ƙabilanci ne da aka yi wa rawani, Musulunci kuwa ya zo ne ya rushe asabiyya, ya mai da ƙasa duka masallaci. Gaskiya ne son wuri yana iya ruɓewa ya koma ƙin baƙo, kuma inda ya koma haka ya zama zunubi. Amma tarihin Burziyan ya nuna cewa sau da yawa abin da ake kira ƙabilanci neman haƙƙi ne. Bashkirawa sun shiga ƙarƙashin Mosko a shekarun 1550 bisa sharaɗin za a bar musu mallakar ƙasarsu ta gado da addininsu. Da aka fara gina garuruwan soja da masana'antun narka ƙarfe a kan wannan ƙasa, sai bore ya riƙa tashi, a 1662, da 1681, da 1704, da 1735. A 1754 gwamnati ta hana su ɗiban gishiri kyauta daga wuraren da suka saba, ta tilasta musu saye daga rumbunta. A watan Mayun 1755 mutanen yankin Burziyan suka kashe Bragin, shugaban wata tawagar masu binciken ma'adinai, tarzoma ta bazu, a shekarar da wani malami da aka fi sani da Batirsha ya rubuta kira ga Musulmin yankin, Bashkirawa da Tatarawa da sauransu, su tashi tare. Ba sai an wanke zubar da jini ba kafin a gane cewa koken yana da asali a fiƙihu. Annabi (SAW) ya taɓa ba Abyad bin Hammal wurin gishirin Ma'arib, da aka sanar da shi cewa wurin kamar ruwa ne mai gudana wanda kowa ke ɗiba, sai ya karɓe kyautar. Ya kuma bayyana cewa mutane suna tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Asabiyyar da aka la'anta ita ce taimakon dangi a kan zalunci. Hana a ƙwace abin da jama'a suke tarayya a kai wani babi ne daban.

Akwai kuma abin da ƙarni na 20 ya tabbatar, wanda masu ganin wuri ba shi da muhimmanci ga addini ya kamata su tsaya a kansa. A shekarun 1930 gwamnatin Soviet ta rufe mafi yawan masallatai, ta ɗaure malamai ko ta kashe su. Ta sauya wa harshen Bashkir haruffa daga na Larabci zuwa na Latin, sannan a 1940 zuwa na Rasha, har jika ya kasa karanta littafin kakansa. Hukumar muftin da aka kafa a Ufa tun zamanin sarauniya Katarina ta biyu a 1788 ta ci gaba da wanzuwa, amma a ƙarƙashin idon gwamnati, da 'yan masallatai ƙalilan. A ƙauyuka, addini ya fake ne a wuraren da hukuma ba ta iya rufewa da kwaɗo: makabartar ƙauye inda dole a binne mamaci da salla, taron karatun Alƙur'ani da sadaka a cikin gida, bakin tsofaffin mata da suka haddace surori, da ziyarar kaburburan waliyyai da ake yi a ɓoye. Wasu daga cikin waɗannan al'adu suna da gyara. Amma su ne suka riƙe kalmar shahada har masallatai suka sake buɗewa bayan 1990, kuma wanda ya gaji imani ta wannan hanya bai kamata ya fara aikinsa da raina hanyar ba.

Zargi na uku shi ne mafi wuyar amsawa, domin na ciki ne. Burziyan gunduma ce maras masana'antu, kuma maza da yawa daga karkarar Bashkortostan sukan tafi aikin kwantiragi a rijiyoyin mai na Saiberiya, su yi watanni ba su ga iyalinsu ba. Zuma da 'yan yawon buɗe ido ba za su ciyar da kowa ba. Wani zai ce alfarmar dutse ba ta kai alfarmar ɗan Adam mai neman abinci ba, kuma Allah ya hore wa mutum abin da ke cikin ƙasa don ya amfana. Haka ne, haƙar ma'adini halal ce, kuma ba kowane dutse ne hurumi ba. Abin da ya faru a Kushtau a watan Agustan 2020 ya nuna nauyin ɓangarorin biyu. Dutsen farar ƙasa ne a gundumar Ishimbai, ɗaya daga cikin 'yan uwa huɗu da a da suke tsaye kusa da birnin Sterlitamak. Ɗaya daga cikinsu, Shahtau, masana'antar soda ta cinye shi tun daga shekarun 1950 har ya koma rami. Da aka ba kamfanin izinin fasa Kushtau, dubban mutane suka taru a gindinsa, Bashkirawa da Rashawa da Tatarawa, suka ƙi matsawa, har gwamnati ta janye ta ba dutsen kariyar doka a watan Satumba. A ɗaya gefen kuma akwai dubban ma'aikatan masana'antar, masu iyali su ma, da ke tsoron rasa aiki. A watan Janairun 2024 dubbai sun sake fitowa cikin tsananin sanyi a Baimak, maƙwabciyar Burziyan, lokacin da kotu ta ɗaure wani ɗan fafutuka mai suna Fail Alsinov shekara huɗu bisa tuhumar tunzura ƙiyayyar ƙabila a jawabin da ya yi wajen taron adawa da haƙar zinariya, tuhumar da ya musanta.

Hore wa mutum ƙasa ba ya nufin an mallaka masa ita ya ƙarar. Fiƙihu ya shimfiɗa ƙa'idar cewa ba a cutarwa ba a kuma ramuwa da cuta, ya gabatar da tunkuɗe ɓarna a kan jawo amfani, ya ɗaure ikon shugaba a kan dukiyar jama'a da maslahar jama'ar. Ramin zinariya yana ba da albashi na 'yan shekaru, ribar ta tafi birni, rafin da ya gurɓace kuma ya zauna tare da ƙauyen. A irin wannan lissafi, mutanen da za su sha ruwan su ne suka fi cancanta a tambaya, kuma waɗanda ba a haifa ba suna da kaso, ko da ba su da bakin magana. Ra'ayin da yake cewa dutse dutse ne kawai yana kama da tsantsar tauhidi, amma a aikace yana barin farashi shi kaɗai ya yanke hukuncin abin da za a fasa da abin da za a bari, kuma Annabi (SAW) ya kira wanda dinari da dirhami suke juyawa bawansu, ya yi masa addu'ar taɓewa. Malamin da yake wa'azi a masallacin ƙauyen Burziyan yana da aiki biyu a gabansa. Zai hana tsohuwa roƙon marmaro, zai kuma tsaya tare da ita ranar da aka zo da takardar izinin haƙa a bakin marmaron, ya nemi a nuna wa jama'a inda dattin zai malala da wanda zai biya idan ruwan ya lalace.